Kunun da Manu Sangil Ya Mayar

Duk wanda ya taɓa sauka tashar Goronyo da yunwa a cikinsa ya san teburin Manu Sangil. Yana nan hannun dama kafin ka kai masu albasa, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta karkace kamar tana leƙen abin da ke cikin tukunya. Dogo ne, siriri, irin Fulanin nan da in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe masa riga. Shayinsa dai a rufa masa asiri: ruwa ya fi ganye yawa, madara kuwa sai dai ka ga gwangwaninta. Bakinsa ake zuwa saye, shayin gyara ne.

Kowa ya zauna bencinsa sai ya tarbe shi da wata gaisuwa da ba Hausa ba, ba Fillanci ba: "Sengil cuka hamnida!" In ka tambaye shi mi ke nan, ya ce barka da ranar haihuwa ce da bakin mutanen Koriya. In ka ce ai ba yau anka haife ka ba, ya ce, "Kai ka san ran da anka haihe ka? To yi shiru, wataƙila yau ta." Direbobi sunka lanƙwashe gaisuwar ta koma "Sangil shuka Hamida", sunan ya bi shi. Maccido mai faci, wanda rumfarsa ke manne da tasa, kullum sai ya tambaye shi wace ce Hamida, kuma gonar wa za a shuka ta.

Ana dariya, shi ma yana yi. Amma Manu da kansa bai san ranar da anka haife shi ba. Mutum guda ne a duniya ya sani, ita kuwa tun da ta haife shi ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba.

A wata ruga gabas da Boyekai anka haife shi, ɗan fari ga Fatimatu da Giɗaɗo. Wanda bai san kunyar ɗan fari wurin Fulani ba, ya je ya ga Inna Fatimatu. Wasu matan sukan sassauta in shekaru sun ja, ita kuwa kamar da ita anka ƙulla abin. Ba ta kiran sunansa. Ba ta cin abinci yana wurin. Ana yaye shi ta miƙa wa uwar mijinta, Kaka, ya zama "yaron Kaka". Bayan Kaka ta rasu ya koma "wancan". Akwai wani Manu a rugar maƙwabta, shi ma bai tsira ba, "mai sunan wancan" take ce masa. In tana da saƙo, ƙanwarsa Bara'atu ce waya: yana tsaye, tana tsaye, sai ta dubi Bara'atu ta ce, "Ce ma wancan maruƙa sun kwance."

Yana yaro wani bijimi ya taɓa ɗaga shi da ƙaho ya yar cikin ƙaya. Ruga duk ta ruɗe, mata na salati. Inna na tatsa, ta ba shi baya, ba ta waigo ba. Kaka ce ta gaya masa daga baya cewa ranar ba a sha nono ba a gidan, don duk abin da ta tatsa ƙasa ya zuba, hannunta ya kasa saita ƙwarya. Manu ya riƙe wanga labari kamar layar wuya. Shi ke nan abin da yake da shi.

Giɗaɗo ya rasu. Ciwon huhu ya ci rabin garke, ɓarayin daji sunka kore mafi yawan abin da ya saura, anka bar Inna da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba. Manu ya hau bayan tirelar shanu ya nufi kudu. A Fatakwal ya yi dako, ya yi gadi, ya yi tura baro, har Allah ya jefa shi kicin ɗin wani sansani na mutanen Koriya masu haɗa manyan tankuna. Anka ba shi wani injiniya ya riƙa dafa masa abinci, gajere mai furfura, sunansa Yun. Manu ya ce wanga suna bai ƙare ba, ya cika masa shi: Malam Yunusa. Mutumin ya karɓa. Abin da ya fara haɗa su tafarnuwa ne. Malam Yunusa na cinta kamar gyaɗa, Manu kuwa ya rantse masa cewa duk tafarnuwar kudu ba ta kai ɓawon ta Wurno ba.

Wata rana da la'asar Malam Yunusa ya leƙo kicin, ya shafa ciki ya ce, "Gobe, miyok-guk."

Manu ya kusa sakin wuƙa. Miyar kuka! Ashe duk nisan ƙasarsu sun san abin kirki. Ya ruga kasuwar Hausawa ya sayo kuka da daddawa da busasshen kifi. Da safe ya tuƙa tuwon masara, ya kaɗa miya har tana jan zare, ya aje gaban mutumin yana washe baki.

Malam Yunusa ya dubi miya, ya dubi Manu, ya ɗaga cokali ya ga zaren bai da niyyar tsinkewa. Ya yi dariya har ya faɗo daga kujera. Don kara ya sha cokali biyu. Sannan ya buɗe akwatinsa ya fiddo wani baƙin busasshen abu kamar tsumman da rana ta ci, ya jiƙa a ruwa, abu ya kumbura ya zama ganye mai santsi. Ciyawar teku ce, in ji shi. Ya soya ta da naman sa da tafarnuwa, ya tsaida ruwa, ya dafa da hannunsa, bai bar Manu ya taɓa ludayi ba.

Da miya ta nuna ya zuba a kwano, ya jingina wayarsa jikin kwalbar mai, ya kira. Wata tsohuwa ta bayyana, 'yar mitsitsiya, kai fari fat. Abin da ta fara tambaya shi ne ko ya sha miyar. Ya ɗaga mata kwano. Sai mutumin nan da leburori ɗari ke rawar jiki gabansa ya ja da baya, ya durƙusa har goshinsa na taɓa siminti, ya ɗago ya faɗi wata magana, hawaye na bin furfurar gemunsa.

"To ai ga kukan nan," in ji Manu a ransa. "Ban yi kuskuren suna ba."

Da guntun Turanci da nuni da hannu Malam Yunusa ya warware masa. A ƙasarsu, wagga miya ita maijego ke sha bayan ta haihu, ta yi ta sha har jikinta ya dawo. Saboda haka duk ranar da mutum ya zagayo ranar haihuwarsa, ita zai sha, don ya tuna wahalar da anka sha a kansa. Abokai su ce masa sengil cuka hamnida. Shi kuwa ya je ga uwarsa ya ce mata: na gode da kika haife ni. Ranar ba tasa ba ce, tata ce.

"Kunun kanwa!" in ji Manu da ƙarfi. "Wallahi kunun kanwa na! Mu ma muna da shi, sai dai mu ba mu komawa kanai."

Wani abin dariya kuma, Malam Yunusa haihuwa biyu gare shi. Akwai ranar da kamfani ke yanka masa kek a tafa, akwai ta miya, kuma ta miyar ba ta tsayawa wuri guda, bana nan, baɗi can. Manu ya tambaya, mutumin ya nuna sama, ya zana lauje da yatsa a iska: tsohuwarsa da wata take lissafi, ba ta san kalandar ofis ba. Manu ya ce mutum guda haihuwa biyu, lalle uwarsa ta sha aiki. Ya yi dariyarsa ya manta.

"Kai fa?" in ji Malam Yunusa. "Yaushe?"

"Ɗaya ga Janairu." Mai yin katin ɗan ƙasa ne ya zaɓa masa, kamar yadda ya zaɓa wa rabin Goronyo.

Mutumin ya girgiza kai. "Tambayi mama."

Manu ya ce ya fi sauƙi ya tambayi saniya. Amma maganar ta shige shi kamar ƙaya a diddige. Na gode da kika haife ni. Yana wanke tukwane yana juya ta da Hausa, yana juya ta da Fillanci, yana jin yadda za ta fito.

Aiki ya ƙare, Koriyawa sunka kwashe kayansu. Manu ya dawo gida da tukunyar shayi, da gaisuwa guda, da niyya guda. Ya auri Rahinatu, ya kafa tebur, ya tashi daga "wancan" ya zama "mai shayi".

Ran nan ya hau babur ya je ruga. Inna na zaune gindin aduwa tana goge ƙore, ta ba shi baya kamar kullum. Ya gaishe ta, ta amsa wa ƙwarya. Ya zauna kusa da Bara'atu, ya ɗaga murya yadda har shanu za su ji, ya ba da labarin Malam Yunusa tun daga miyar kuka har goshi a ƙasa. Bara'atu na ta kyakyata dariya. Hannun Inna bai tsaya ba.

"To Bara'atu," in ji shi, "tambayam mini Inna, wace rana ta anka haihe ni?"

Bara'atu ta zaro ido ta dubi yayanta. "Hamma, rufa mini asiri."

"Tambaya dai. Ba sata na ce ki yi ba."

Ba ta tambaya ba, amma amsa ta zo. Inna ta kifa ƙwarya ta ce, "Bara'atu, ce ma mai shayi rana ta yi, abokan cinikinai na jira."

A hanyar komawa ya ce to, in ba a ba shi ranar gaskiya ba, zai yi da ta gwamnati. Ɗaya ga Janairu ya sa Rahinatu ta dama kunun kanwa, ya ɗaure kwanon a bayan babur, ya sa sabuwar riga. Ya iske Inna bakin bukkarta, mata biyu na maƙwabta na wurin. Bai kai goshi ƙasa ba, wannan na Allah ne shi kaɗai, amma ya durƙusa gwiwa biyu ya aje kwano gabanta. Bakinsa da ba ya gajiya ranar sai da ya bushe.

"Inna," ya ce, "na gode da kinka haihe ni."

Matan nan biyu sunka rufe baki da gyale. Inna ta miƙe kamar an ɗana mata wuta, ta ja zane ta rufe fuska, ta shige bukka. Manu na durƙushe, kunu na huci, kaji na zagayensa. Can muryarta ta fito daga ciki.

"Bara'atu. Ce ma mai shayi kudu ta cinye mai kunya." Sai ta ƙara: "Kuma wanga kunu, wanda yad dama shi bai san kanwa ba. Tun daga nan ni ka jin sukari."

A tasha ya mai da abin wasa. Ya ce wa Maccido ya je neman albarka ya dawo da darasin girki. Maccido ya yi dariya har ya huda tayar da yake liƙewa. Rahinatu ce kaɗai ta ga cewa ya ninke sabuwar rigar ya tura ƙasan akwati, kuma zuwansa ruga ya ragu, daga kowace Juma'a ya koma sai an yi rasuwa ko suna.

Bara'atu kan kawo nono Goronyo ta sayar. Wata safiya bayan an yi girbin gero ta sauke ƙwaryarta gaban teburinsa, ta ciro wani ƙaramin kwano rufe da faifai.

"Inna tac ce a kawo ma mai shayi."

Ya buɗe. Kunun kanwa ne, mai kauri, jajaja, citta da kanumfari na dukan hanci.

"Na mi na?"

"Tac ce kunun haihuwa na."

"Wa yah haihu?"

"Oho. Ka san duk wadda tah haihu yankinmu Inna aka kira ta dama. Halama raguwa ta."

"Sangil ya yi jego!" in ji Maccido daga rumfarsa. "Allah raya Hamida! Yaushe suna?"

Manu ya yi dariya, ya zuba wa Maccido rabi. Amma da ya kurɓi nasa sai ya aje kwanon yana dubansa. Tun da yake Inna ba ta taɓa aiko masa da ko ƙwayar gero ba. Kunun haihuwa. Ya fiddo waya a ɓoye ya dubi kwanan wata na Turawa, ya haddace shi kamar karatun allo. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa: in baɗi war haka ya sake zuwa, to ita ce, Inna ta ba ni amsa.

Shekara ta yi masa tsawo. Ana saura kwana goma da wani abu ranar ta zagayo, ya tafi Wurno sayen kaya, ya dawo da yamma ya iske Maccido na lashe kwano.

"Ƙanwarka ta kawo maka na jego, na taimake ka kada shi yi tsami."

Manu ya dubi waya. Ba ranar ba ce. Ya ce lalle wata ce ta haihu a ruga, ya share. Da ranar da ya haddace ta zo, ya ciro rigar nan daga ƙasan akwati, ya zo tasha tun da sassafe, ya goge tebur sau ba adadi. Duk babur ɗin da ya fito ta hanyar Boyekai sai ya miƙe. Ya zuba wa wani direba gishiri a shayi. Bara'atu ta zo da hantsi, ta sayar da nononta, ta gaishe shi, ta ɗauki ƙwarya. Ba kwano.

"Ba saƙo?" ya ce.

"Saƙon mi, Hamma?"

"Ba komi. Gaida gida."

Ranar ba wanda ya ji sengil cuka daga bakinsa. Ashe raguwa ce. Ashe tun farko ragowar kunun 'ya'yan wasu ake ba shi, shi kuwa ya gina gida a kai.

Shekara ta uku kwanon ya zo tun ruwa bai gama ɗaukewa ba, ya ƙara nisa da ranar da ke kansa. Tasha cike take, Maccido har ya fara wanke hannu. Manu bai ɗaga faifan ba.

"Mai da mata."

"Hamma?"

"Ce mata mai shayi ya gode. Ce mata ya ƙoshi da ragowar kunun ɗiyan mutane. In tana da nashi ta ba shi, in babu ta bar shi."

Bara'atu ta tsaya tana dubansa, ko zai ce wasa ne, don shi komi nasa wasa ne. Ya juya yana fasa ƙwai. Ta ɗauki kwano ta tafi. Da ta dawo wani mako ya tambaye ta, kamar ba da gangan ba, mi Inna ta ce.

"Ba ta ce komi ba. Ta amsa, ta zanna bayan bukka ta shanye shi ita ɗai. Ita da ba ta shan kunun kanwa."

Sanyin shekarar ya kama Inna a ƙirji, bai sake ta ba. Da bazara ta kwanta. Manu ya rufe tebur ya koma ruga, ya kai ta asibiti, ya dawo da ita, ya zauna bakin bukka yana korar ƙuda daga nesa, don in ya shiga sai ta juya fuska ga zana. Wata rana da azahar ya ji tana tambayar Bara'atu da 'yar murya, "Wane wata muke ciki?"

Ya yi caraf daga waje, yana son ko sau ɗaya ya zama shi ya amsa mata. "Afrilu, Inna."

Sai ta ce, "Bara'atu, ce ma mai shayi ban san wanga wata ba."

Bayan kwana kaɗan ta cika, da safe, shanu na fita kiwo. Manu ya shiga kabari da kansa ya karɓe ta. Ba nauyi, kamar ya ɗauki faifai. Wannan ne karo na farko tun yaye da jikinsa ya taɓa nata. Mutane sunka yaba da dauriyarsa, har yana tsokanar masu haƙa cewa sun yi aikin gwamnati. Ya dawo tasha ya buɗe tebur. Ranar haihuwa ta tafi ƙasa da mai ita, ya ce wa Rahinatu, shi ke nan, ya huta da tambaya.

Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai. Wata safiya, gari ya yi luf da hadari, yara na ta bitar waƙoƙin Mauludi a makarantar allo ta bayan tasha, sai ga Bara'atu. Ta sauke ƙwarya. Ta ciro ƙaramin kwanon nan da faifansa, ta aje a hankali a kan tebur, ta ja da baya kamar mai tsoron a sake korar ta.

Manu ya dubi kwano. "Wa kuma yah haihu? Mai damawa ba ta nan."

"Ni nad dama. Kada ka yi mini hwaɗa, Hamma, wasiyya ta." Ta goge ido da bakin gyale. "Ana gobe za ta rasu tac ce mini: in watan Gani ya kwana tara, ki dama ki kai ma mai shayi. Kowace shekara, ko ya mayar ki koma kai mai. Tac ce in sa kanwa sosai, kada in sa sukari." Ta dubi kwanon. "Tac ce haka nan tas sha shi."

Buta na tafasa, murfinta na ƙara, ba wanda ya sauke ta.

"Watan Gani," in ji Manu.

"Kwana tara. Yau ke nan."

"Ta bara fa... wadda nim mayar..."

"Gani na. Na tuna, yara na waƙar Mauludi awa yau."

"Da ta bara waccan, da Maccido yash sha?"

Bara'atu ta yi lissafi da yatsu, sai ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah. Dut Gani na, Hamma. Wallahi ban lura ba. Ni cewa ni kai raguwa ta."

Sai ga Malam Yunusa a idonsa, tsaye cikin kicin ɗin Fatakwal, yana nuna sama, yana zana lauje da yatsa. Tsohuwa da wata take lissafi. An gaya masa, da baki da hannu, ya yi dariya. Shi yana duban waya, ita tana duban sama. Sau uku ta amsa masa tambayarsa da iyakar bakin da kunya ta bar mata. Na farko ya raba da Maccido, na biyu bai gan shi ba, na uku ya mayar mata ta shanye bayan bukka.

Maccido ya taso daga rumfarsa da murmushi, bakinsa ɗauke da Hamida. Ya dubi fuskar Manu, ya haɗiye ta. Ya sa hannu ya sauke butar, ya ce wa direbobin da ke benci, "Ku tashi, yau ba shayi." Sunka tashi ba gardama.

Manu ya zauna a bencin da bai taɓa zama ba, na masu saye. Ya ɗaga faifai. Tururi ya bugi fuskarsa.

"Bara'atu."

"Na'am, Hamma."

"Da tana hwaɗin haka... ta ambaci sunana?"

Bara'atu ta so ta yi masa ƙarya, an ga haka a fuskarta. Amma ɗiyar Inna ce.

"A'a. Mai shayi tac ce."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki kwanon da hannu biyu. Kunun ya yi kauri, kanwa ta kama shi har tana ɗaci a maƙogwaro, yaji na ƙona harshe, ba ɗigon zaƙi ko kaɗan. Haka yarinya 'yar shekara goma sha wani abu ta sha shi a wata bukka gabas da Boyekai, da jariri kwance gefenta wanda ba ta da ikon ta dube shi gaban mutane. Ya sha bai sauke ba. Da ya kai ƙasa ya sa yatsa ya kwashe abin da ya manne, ya lashe. Leɓunansa sun motsa, amma ko Bara'atu da ke kusa ba ta ji da wane harshe ya faɗa ba.

Yana nan har yanzu, hannun dama kafin masu albasa. Shayin bai gyaru ba. Sunan Sangil ma bai sake shi ba, ko da yake baƙin direbobi ba su san inda ya samo shi ba, don ya bar gaisuwar. Sai dai in jinjirin wata ya kusa tsayawa, ana idar da sallar magariba za ka gan shi ya fito bakin titi, ya ba tasha baya, yana duban yamma. In ka tambaye shi kwanan wata ya gaya maka na sama, ba ya taɓa aljihu. Maccido ya taɓa ce masa ko ladan bai kai shi bin wata ba yanzu.

"Ina da kunu gaba," in ji Manu. "Ba ni so shi iske ni Wurno."